Motar da Jikinta ba ya Tsatsa

Duk wanda ya taɓa zama a garejin masu gyaran jikin mota ya san da ƙarar guduma ake tarbar baƙo. Mota ta lotse, a buge ta ta miƙe. Ta ruɓe, a yanke a yi walda. To amma fa, mai karatu, akwai motar da in ka ɗora mata guduma ba miƙewa za ta yi ba, tsagewa za ta yi kamar ƙwarya. Irinta ce ta cinye mini shekara biyu cur a garejin gidana da ke birnin Kolambus, a jihar Ohayo ta Amurka.

Sunanta Corvette, ƙirar kamfanin Chevrolet. An fara yin ta a 1953 a garin Flint na jihar Mishigan, inda aka ƙera guda 300 kacal a shekarar, dukkansu farare masu jan ciki. Jikinta na faiba ne, wato zaren gilashi da aka jiƙa da wani irin ƙaro, aka bar shi ya daskare cikin siffar da ake so. Dalili kuwa na kuɗi ne da lokaci, domin injinan buga jikin ƙarfe tsada gare su, ba sa biya sai in motoci masu ɗimbin yawa za a yi. Tawa ƙirar 1969 ce, wadda aka haɗa a St. Louis, ɗaya daga cikin 38,762 da aka yi a wannan shekarar.

A hannun maƙwabcina na same ta, wani dattijo Ba'amurke, tsohon malamin makaranta, wanda tun zuwana unguwar nake ce wa Baba. Ya saye ta na hannu a 1974, ta yi kusan shekara 20 a rufe da tamfol. A watan Afrilun 2021, yana da shekara 82, ya sayar mini da ita a farashin da ni da shi mun san kyauta ce aka sa wa sunan ciniki. Sharuɗɗansa biyu ne: kada a farfasa ta a sayar da kayanta, sannan a mayar da ita launinta na asali ya gani da idonsa. Motar baƙa ce a lokacin, amma ɗan ƙarfen da ke maƙale a ginshiƙin ƙofar direba yana ɗauke da lamba 976, wadda ke nufin shuɗin da kamfanin ya kira LeMans Blue.

Aikin farko shi ne cire tsohon fenti, kuma a nan faiba ke fara nuna halinta. Ruwan kankare fenti mai ƙarfi yakan shige cikinta ya kwanta, bayan watanni ya taso ya kumbura sabon fentin. Feshin yashi kuwa cinye ta yake yi har zaren ya fito fili. Saboda haka na bi hanyar da masu irin wannan mota suka daɗe suna bi, wato reza. Ana kwantar da ita sosai, a riƙa tura ta a hankali, fentin na tashi kamar ɓawon rogo. Mako shida na yi, kullum bayan na taso daga aiki, Baba na zaune kan kujerarsa a bakin gareji yana kallo.

Ƙarƙashin baƙin sai ga ja, ƙarƙashin jan sai ga shuɗin nan. A gefen dama ta gaba kuma rezar ta ci karo da foti mai kaurin yatsa. Baba ya yi dariya, ya ce wannan tabon hunturun 1978 ne, shekarar da guguwar dusar ƙanƙara ta rufe Ohayo a watan Janairu; santsi ya kwashe shi ya haɗa shi da shingen wani. Wanda ya gyara a lokacin foti kawai ya cusa a tsagar, shi ya sa ta sake buɗewa. Gyaran gaskiya shi ne a gurza bakin tsagar ya yi faɗi kamar kwari, a shimfiɗa zaren gilashi da ƙaro hawa-hawa, a bar shi ya sha rana ya gama motsewa kafin a goge. Ƙurarsa kuwa ƙaiƙayin gero ba ya kama ƙafarta, sai da dogon hannun riga da takunkumi.

To ga inda gizo ke saƙar. Faiba ba ta tsatsa, don haka mota mai shekara 50 za ta iya tsayawa gabanka fes, alhali ƙarfen da ke riƙe da ita ya zama gari. Ƙarƙashin jikin Corvette akwai casis na ƙarfe, sannan akwai wani firam da ya kewaye mazaunin mutane, wanda Amurkawa ke kira kejin tsuntsu. A jikinsa ƙofofi ke rataye, a cikinsa gilashin gaba ke zaune. Ruwan da ke zurara ta gefen gilashi yakan taru a gindin ginshiƙansa, gishirin da ake barbaɗa wa tituna da hunturu kuma yakan ci casis, musamman gaban tayoyin baya. Tun ranar ciniki na ga alamar tsatsa, amma sai da na cire gilashin a watan Agusta na ga iyakarta: sukudireba na shiga ƙarfen kamar a tuwo.

Wannan ya sa ni a tsaka mai wuya. Feshin fenti yana son ɗumi, kuma daga Oktoba sanyin Ohayo ba ya barin fenti ya kama yadda ya kamata a garejin gida. In na tsaya gyaran ƙarfe, shekarar ta wuce ke nan, kuma kuɗin da na ware na fenti mai walda zai karɓe. Ga shi Baba ya kwanta asibiti sau biyu a 'yan watannin nan saboda ciwon zuciya. Uwargida ta ce, "Ka fesa mata shuɗin nan ya gani, ka san rai ba a hannunmu yake ba." Maganarta ta tausayi ce, kuma babu mai ganin ruɓar in an mayar da gilashi. Sai dai walda a wurin na nufin a ɗage faiba a kawo wuta, abin da zai ɓata duk fentin da aka yi. Ni kuma na san kaina, ba ni da ƙarfin yin fenti sau biyu. In na rufe, na rufe ke nan.

Na ga bai kamata in yanke hukunci a kan alkawarin mutum ba da saninsa ba, sai na kira shi na haska masa wurin da tocila. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, in na tafi wa zai zauna cikinta? 'Ya'yanka ne. Gyara ƙarfen."

Haka 2022 ta tafi a aikin da ba wanda zai taɓa yabawa. Muka ɗaga jikin daga kan casis, mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya sa sabo, na bi ko'ina da maganin tsatsa. Sai ƙarshen lokacin zafi na fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka, aka shiga aikin samfefa: lamba 180, sai 320, sai 600, kullum a naɗe jikin dogon katako don kada yatsu su bar kwari. Akan yayyafa baƙin fenti sama-sama kafin a goge, duk inda baƙin ya rage, wurin ya faɗa. A wannan lokacin ganin Baba ya ragu ƙwarai, amma sai ya zama tafin hannunsa ya fi idona. Yakan bi gefen motar a hankali, ya tsaya ya ce, "Nan." In na yayyafa baƙin na goge, sai in tarar da gaskiyarsa.

A watan Yunin 2023 na yi feshin. Na kewaye gareji da leda, na jiƙa ƙasa saboda ƙura, na tsiyaye ruwan da ke tankin kwamfuresa, domin ɗigo ɗaya na ruwa ko mai ya isa ya ɓata bonet guda. Fentin zamani, wanda ake haɗawa da sinadarin daskarwa, yana illata huhu, don haka na sa takunkumi mai jawo iska daga waje, na kuma hana kowa matsowa, har Baba. Shuɗi hawa uku, ruwan ƙyalli hawa uku. Bayan wata guda na goge da samfefa 1500 da 2000 cikin ruwa, na bi da folish.

Ranar da na fito da ita rana, 'yarsa ce ta riƙo hannunsa ta kawo shi. Ya ce shuɗin yana ganinsa dishi-dishi, amma shi ne. Ya ɗora tafinsa daga kan fitila har zuwa bamban baya, ya daɗe a gefen dama ta gaba yana neman tabon 1978, bai same shi ba. Muka zaga unguwa sau biyu, yana riƙe da hularsa. Ya rasu a watan Fabrairun 2024.

Mutum uku sun taya motar tun daga nan, ban sayar ba. Kowannensu fentin ya fara yabawa, ni kuma hotunan ƙarfen na fara nuna masa. In wata rana ka tsaya gaban irinta da kuɗi a aljihu, mai karatu, ka nemi tocila ka duƙa tukuna.