Zama Da Abokin Aikin Da Ka Raina

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka, in yi magana da 'yan'uwana akawuna, tun ba ma waɗanda ke aikin kuɗi a ƙananan ofisoshi ba, bisa wani ciwo da ke cin yawancinmu amma ba mai son faɗi. Ciwon kuwa shi ne zama ɗaki ɗaya, safe da yamma, da mutumin da ba ka gani a bakin komai ba.

Mu biyar ne a ofishinmu: Ma'aji, da kashiya, da mai shirya takardar albashi, da mai tsare baucoci, sai ni mai rubuta babban littafin lissafi. Biyu daga cikinsu, wallahi, ban iya sa zuciyata ta girmama su ba. Ɗaya dangantaka ce ta kawo shi, har yau ba ya tara jerin lambobi sau biyu su fito daidai. Ɗayan kuwa ya san aiki, amma ya fi ƙwarewa wajen fadanci da kai ƙarar mutane. A babban ofis sai ka kauce wa irin waɗannan. A namu kuwa babu wurin kaucewa, don duk takardar da ta bar teburina tasu take nufa, tasu kuma tawa take nufa. In wata ya ƙare littafi bai daidaita ba, albashin leburori da masinjoji ya makara, mu biyar ɗin nan za mu tsaya gaban odita, ba zai tambaya wa ke son wa ba.

To, ga abin da ke ba ni tsoro game da raini. Mutum in ya raina abokin aikinsa, abin da ya kan fara cewa shi ne, "Kawo in yi da kaina, kada ya ɓata." Yau ya karɓe masa rubuta rasit, gobe ya karɓe masa ƙirga kuɗi, jibi ya daina kai masa takarda ya duba. Yana ganin ƙwazo yake yi, alhali kuwa ya rushe katangar da ke tsare shi. Domin aikin kuɗi tun asali an shirya shi ne don kada a dogara ga mutum ɗaya, komai kirkinsa. Tun shekarar 1494, da wani malamin Italiya, Luca Pacioli, ya buga bayanin wannan lissafi namu, kowane kuɗi sau biyu ake rubuta shi, gefen shiga da gefen fita, don wannan ya zama shaidar wancan. Haka nan aka raba ma'aikata: mai riƙe makullin akwati ba ya riƙe littafi, mai shirya baucha ba ya sa hannun biya.

Wanda ke shakkar haɗarin haɗa ayyukan nan a hannu guda, sai ya dubi Bankin Barings na Ingila. An kafa shi a 1762, ya rushe a 1995, don an bar ma'aikacinsa guda, Nick Leeson, a Singafo, shi ke ciniki, shi kuma ke kula da littattafan cinikin. Ya yi ta ɓoye hasara har ta kai fam miliyan 827. In haka ta sami babban banki, ina ga ofishin mutum biyar?

Saboda haka ga dabarar da nake bi. Zuciyata ba ta girmama mutumin, amma hannuna yana girmama kujerarsa. Nakan gaishe shi yadda ya kamata, in kai masa takardata ya duba, ko da na tabbata na fi shi sani, domin an ce raina kama ka ga gayya, kuma idon rago ma yakan ga sifirin da gwani ya tsallake. In na ga kuskurensa, sai in nuna masa lambar, mu biyu, ba tare da na taɓa halinsa ba. Shi kuwa mai kai ƙara, duk abin da ya shiga tsakaninmu a rubuce nake ajiye shi da kwanan wata, don takarda ba ta canja magana. Ba na kuma zama inda ake cin namansu, don a ofishin mutum biyar babu asiri.

Amma fa haƙuri yana da iyaka. Rashin iyawa da surutu hali ne, ana jure musu. Bauchar ƙarya kuwa cin amana ce. Ran da aka kawo maka ita, kada ka sa hannu, ko da wanda ka fi so ne ya kawo, sa'an nan ka sanar da Ma'aji a rubuce.

'Yan'uwa, ba a ɗauke mu aiki don mu so juna ba, an ɗauke mu ne don dukiyar jama'a ta kwana lafiya. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma baki ɗaya suke wa aiki. Ina so in ji ra'ayin waɗanda suka riga mu daɗewa a kan tebur.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu.