Ƙafa 40, Rami 44

A teburin mai haɗa kayan lantarki, ido kan fara sauka ne a kan emuleta da akwatinta mai tsada, sai kuma allon gwaji da 'yan fitilunsa masu ƙyaftawa. Ba kasafai ake lura da wani ɗan abu da ke tsakaninsu ba, wanda tafin hannu zai rufe shi ruf: ƙafafu a ƙasa, ramuka a sama, zirin tagulla a tsakiya. Ba ya lissafi, ba ya ajiye komai, ko fitila ba shi da ita. Amma ranar da ya ɓace, sai ka ga injiniya ya zauna ya yi tagumi, ga kayan aiki cike da tebur, aiki kuwa ya tsaya cak. Wannan ita ce adaftar soket.

Maikurokontirola ƙaramar kwamfuta ce dunƙule a cikin aisi guda, irin wadda ke cikin inbata, da mitar wuta ta kati, da injin wanki. Matsalarta ita ce a rufe take. Idan manhajar da aka zuba mata ta karkace, babu tagar da za a leƙa. Maganin da kamfanin Intel ya fito da shi a 1975, da na'urarsa ICE-80, shi ne a zare aisin daga mazauninsa a dasa wata na'ura da za ta kwaikwaye shi ƙafa da ƙafa. Allon zai ɗauka aisinsa ne ke nan, alhali mai aiki yana zaune a gefe yana tsayar da manhajar inda ya ga dama, yana tafiyar da ita umarni ɗaya bayan ɗaya, yana duba abin da ke cikin ma'adanarta. Yawancin irin waɗannan emuletoci suna ɗauke da wani aisi na musamman da kamfani ya fito da jijiyoyinsa na ciki waje ta ƙarin ƙafafu, wanda ba a sayar da shi a kasuwa.

Duk wannan dabara ta dogara ne da abu ɗaya, wato kan emuletar ya shiga ramin da aisin ya bari.

Da farko abin da sauƙi. Ɗauki 8051, wanda Intel ya fitar a 1980, har yau kuma jikokinsa suna aiki a cikin kayayyaki barkatai. Ƙafa 40 gare shi, 20 a kowane gefe, tsakanin ƙafa da ƙafa milimita 2.54. Ido na gani, yatsa na kamawa. Haɗarin kawai shi ne juyi. Ƙafa ta 40 ita ke karɓar wuta, ta 20 ita ce ta ƙasa, kuma suna kusurwoyi biyu masu kallon juna. Idan aka juya kan emuleta gaba ya koma baya, zai shige lafiya lau ba gardama, sai dai wuta ta shiga ta inda ya kamata ta fita. Saboda haka ne ake yi wa aisi ɗan tsagi a goshi, ake sa ɗigo kusa da ƙafa ta farko, ake kuma shafa jan layi a gefe ɗaya na shimfiɗaɗɗiyar wayar emuleta mai toka-toka. Wanda ya taɓa jin ƙaurin aisi ba ya sake raina jan layin.

Daga nan sai gida ya canza, mai gida yana nan yadda yake. An sa 8051 ɗin a cikin gida mai kusurwa huɗu, wanda ake kira PLCC, mai ƙafa 44 da suka lanƙwashe ciki, tazararsu milimita 1.27. Ƙafafu huɗu na ƙarin ba a haɗa su da komai ba, cike gurbi ne. Ƙafa ta farko kuma ta bar kusurwa ta koma tsakiyar gefe, kuma tana cikin huɗun nan marasa aiki, don haka abin da yake lamba 1 a tsohon gida ya zama lamba 2 a sabo. Aka sake yin wani gidan, QFP, shi ma ƙafa 44, sai ga wannan jijiyar dai ta koma lamba 40. Aisi ɗaya, manhaja ɗaya, lissafin ƙafafu uku. Aikin adafta ke nan gaba ɗaya: ta riƙe wannan lissafi a jikinta don kada mutum ya riƙe shi a ka. Wanda ya tashi daga Katsina ya sauka Maraɗi da cajarsa mai ƙafa uku irin ta Ingila, ya tarar da soket mai ramuka biyu zagayayyu irin ta Faransa, ya san irin wannan takaici. Ga wuta a bango, ga waya a hannu, bakin ne bai zo ɗaya ba.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne lokacin da soket ta ɓace gaba ɗaya. Da aka koma liƙa aisi kai tsaye a fuskar fanel, wato allon, da dalma, tazarar ƙafafu ta sauko zuwa milimita 0.65, har 0.5, sai ya zama babu abin zarewa kuma babu ramin dasawa. Sai aka shiga gini. Kamfanin Tokyo Eletech na Japan ya yi wani tushe mai suna NQPACK da ake liƙawa a daidai gurbin aisin, a ɗora masa YQPACK wanda zai karɓi kan emuleta, a ɗaure da 'yan kusoshin murɗawa. In an gama gwaji, a cire na saman, a kwantar da aisin gaskiya a cikin tushen, a rufe shi da murfi mai suna HQPACK. Littattafan emuletocin NEC da Renesas cike suke da waɗannan sunaye. A ɓangaren Microchip kuwa, MPLAB ICE 2000 ta kasance tana zuwa hawa-hawa: akwatin emuleta, sai sashen da ke kwaikwayon aisin, sai adaftar na'ura, sai soket ɗin sauyi da ke taɓa fanel. Hasumiya ce a tsaye a kan ƙafafun da ba su kai kaurin allura ba, ga waya mai nauyi tana janta gefe. Gwiwar hannu ɗaya ta goge ta, sai tagullar fanel ta ɗago, kuma wannan ba ya gyaruwa da sauƙi.

Akwai kuma wani hali na adafta da masu sayarwa ba sa so a daɗe a kai. Ba ta da ƙwaƙwalwa, amma tana da jiki, kuma jikin yana shiga cikin lissafi. Kowane hawa ƙarin tsawo ne ga hanyar sigina, kowane mahaɗi yana riƙe 'yar wuta kaɗan. Kiristal ɗin da ke ba aisi bugun agogo ba ya son nisa, shi ya sa emuletoci da yawa ke zuwa da nasu agogon. To ka ga abin da ake gwadawa ya riga ya bambanta da abin da za a sayar. Sai manhaja ta yi ta gudu sumul a kan emuleta, a mayar da aisin gaskiya ta ƙi tashi, ko kuma a ga akasin haka, a kwana ana neman kuskure a rubutu alhali ƙafa ɗaya ce a hawa na uku ba ta zauna daidai ba. A ƙasarmu ƙurar hunturu ma tana da nata kason a wannan.

Da agogon aisi ya yi ta ƙara sauri, wannan gini ya gagara, sai masu ƙira suka tura emuletar cikin aisin kansa. Ƙa'idar JTAG, wadda hukumar IEEE ta amince da ita a 1990 da lamba 1149.1, waya huɗu take buƙata don a isa ga emuletar da ke ciki. Daga baya kamfanin ARM ya rage su zuwa biyu da tsarin SWD. A ka'ida a nan ya kamata a yi wa adafta jana'iza.

Ina! Waya huɗu ne, amma kowa da bakin da ya yi musu. ARM yana da mahaɗi mai ƙafa 20 a tazarar 2.54, yana kuma da ƙarami mai ƙafa 10 a tazarar 1.27. Texas Instruments yana da mai 14. Aisin AVR, irin wanda ke kan Arduino Uno, ana zuba masa manhaja ta mahaɗi mai ƙafa 6 ko mai 10. Microchip ya ɗauko bakin wayar tarho ta gida mai layi shida. Ƙananan aisinsa masu ƙafa 8 kamar PIC12F675 ba su da ƙafar da za su bayar aro, don haka sai an sayi wani ɗan allo mai ɗauke da yayan aisin mai ƙarin ƙafafu, wato tsohuwar dabarar 1975 ta dawo da ƙaramar riga. Wani kamfani, Tag-Connect, ya ce a daina sa mahaɗi a fanel ma baki ɗaya, a bar ɗigogin tagulla kawai a danna musu allurai masu sifirin. Dabara ce mai kyau, sai dai ita ma sai an nemo mata abin da zai haɗa ta da na'urar gwaji irin J-Link ko ST-Link. Adafta ba ta ragu ba, haihuwa ta yi.

A wajenmu tsadar adafta ba a kuɗinta take ba, a jiranta take. Ɗalibin injiniya a Zariya ko Kano da ke fama da aikin kammala karatu ba zai zauna makonni yana jiran ɗan allo ya iso daga Sin ba. Wayoyin jamfa zai ɗauko masu launi-launi ya haɗa ƙafa da ƙafa, yana duba zane a waya, kuma sau da yawa abin yana yi, musamman in ya rage saurin sigina ya gajarta wayoyin. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne ƙafa ta farko a mahaɗin ARM. Ba wuta take bayarwa ba, tambaya take yi: bolt nawa allon nan yake aiki da shi? In ba a haɗa ta ba, J-Link zai ce bai ga wuta ba ya ƙi motsi. 'Yan ST-Link masu araha kuwa, waɗanda aka kwaikwaya masu kama da filashi, wuta suke turawa ta ƙafar 3.3, kuma jerin ƙafafun da aka buga a bayansu ba ɗaya ba ne daga wannan zuwa wancan. Masu gyaran kwamfuta da waya a kasuwar Farm Centre ta Kano sun san 'yan uwan wannan matsala. Mai na'urar zuba manhaja ta CH341A da ɗan matsewarsa mai haƙora takwas ya san cewa aisin ajiya mai aiki da bolt 1.8 sai an sa masa tasa adaftar a tsakani, in ba haka ba a ƙone abin da aka zo ceto.

Ƙaramin mahaɗin ARM mai ƙafa 10 ma, a zane ƙafa tara gare shi. An ce a bar gurbi na 7 babu ƙafa, a toshe raminsa a jikin waya, don kada ta shiga a juye. Masu yin alluna da yawa sukan liƙa goman duka saboda haka aka sayar musu da mahaɗin, masu yin waya su ma sukan bar ramin a buɗe don kada a dawo musu da kaya. Wanda ya sayi waya mai bin ƙa'ida da allo marar bi, sai ya ɗauko filaya ya tsinke ƙafa ta 7 da hannunsa, bayan ya ƙirga sau biyu daga inda jan layin yake.