Eriyar Baba

Tun da idanun Baba suka tafi, rediyo ce ta zame masa ƙafa da ido. A ƙauye ba ya fashin sanarwar rasuwa daga gidan rediyon jiharmu, don ya san wa za a yi wa addu'a cikin tsararrakinsa. Da daminar 2022 na ɗauko shi ya dawo wurina Kano, gidan haya, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida da bai fi taku shida ba. Ran da ya kunna akwatinsa ba abin da ya fito sai ƙugi kamar ana soya gyaɗa. Tashoshin FM na birni kam ga su nan rututu, amma ba su san mutanensa ba. Tasharsa tana kan matsakaicin zango, ga nisa, ga ƙarar da cajar waya da fitilun zamani suke watsawa a unguwa.

Bayan sati uku aka yi wani baƙo ya ce masa ai aminin nan nasa ya kwana goma sha biyu a ƙasa. Baba ya yi shiru. Can da dare ya ce, "Malam," don ni ɗan fari ne, bai taɓa kama sunana ba, "ka mai da ni gida."

Ni da nake koyar da kimiyya a sakandare, kunya ta kama ni. Kullum ina rubuta wa yara a allo cewa in ka raba 300 da yawan megahaz za ka sami tsawon zango a mita. To matsakaicin zango yana farawa ne daga kilohaz 531, wato mita 565 ke nan, ya ƙare a 1602, wajen mita 187. Eriya ta sosai tana son rubu'in wannan tsawo. Markoni ma da ya kamo saƙo daga Ingila a hayin teku a 1901, sai da ya ɗaga wayarsa sama da balbela irin ta wasan yara. Ni ina zan shimfiɗa waya mita ɗari a gidan da igiyar shanya ma sai an yi rigima?

Mafitar daga masu rediyon sha'awa na same ta, mutanen nan da suke hira da juna daga ƙasa zuwa ƙasa da na'urorinsu. Suna da zangon mita 160, dab da inda matsakaicin zango ya ƙare, kuma cikakkiyar eriyarsa takan kai mita 80. Wanda ba shi da fili a cikinsu sai ya naɗe wayar ta zama zobe, ya haɗa ta da kwandensa. Wajen aikawa zoben yana da asara ƙwarai, kuma aikawa sai da lasisi. Ni saurare kawai nake nema.

Kafinta ya gicciya mini katako biyu, suka ba da murabba'i mai santimita 60 kowane gefe. Wayar jan ƙarfe na saya wurin masu naɗin koyil ɗin fanka a Sabon Gari, kwandensa mai juyawa kuwa wani mai gyara ya ciro mini daga matacciyar rediyo, yana dariya wai Malam zai ƙera jirgi. Da farko zagaye ashirin na yi, bisa tunanin yawa shi ne ƙarfi. Ashe ba haka ba ne. Yawan naɗi yana jan eriyar ƙasa, na murɗa kwandensa har ƙarshe ban iso tashar ba. Na zauna na yi lissafin da ya kamata in fara da shi, na warware zuwa zagaye 13, tsakaninsu rabin santimita, waya mita 31 da 'yan kai. Bakunan nan biyu na ɗaura su a kwandensa. Maiɗakina dai kallona take, ta ce abin ya yi kama da mazarin masaƙa.

Abin da ya fi burge ni, ba a jona komai da rediyon. Ajiye ta kawai ake yi a cikin zoben, sandar baƙin ƙarfen da ke cikinta ta ɗauka. Kuma zoben yana da fuska: gefensa ake nuna wa tasha, abin da ya fuskanto shi kai-tsaye kuwa sai ya dushe. Da haka na yi ta juya shi a hankali har ƙugin ya faɗa inda ba ya ji. Aibinsa ɗaya, ko kaɗan ka gusa daga tasha sai ka sake murɗa kwandensa.

Bayan sallar isha'i na gwada, don da dare zangon yakan dawo daga sama ya yi nisa. Larabci ya fara shigowa, sai Faransanci, sannan a hankali wata murya ta taso da Hausar garinmu. Baba ya miƙe zaune ya ce, "Tsaya nan!"

Washegari na ɗiga kakin kyandir a kan mamurɗin, na kuma kafa ƙusa biyu a tebur daidai inda katakon zai zauna, don ya riƙa lalubawa da hannunsa in ina makaranta. Maganar komawa gida bai janye ta ba, ya dai ce a bari sai bayan kaka.