Machynlleth: Garin da Kasuwa Ta Riƙe wa Tarihi

A tsakiyar Wales, ɗaya daga cikin ƙasashe huɗu da suka haɗu suka zama Birtaniya, akwai wani ƙaramin gari a kwarin kogin Dyfi mai suna Machynlleth. Mutanensa ba su wuce dubu biyu da 'yan ɗaruruwa ba, amma yana kiran kansa tsohon babban birnin Wales, domin a nan ne Owain Glyndŵr ya tara majalisa a shekarar 1404, lokacin da yake yaƙin ƙwato ƙasarsa daga hannun sarkin Ingila. Wannan labari ne ke jawo baƙi, su kalli gidan majalisa da hasumiyar agogo, su kama hanya. A ganina gadon garin mafi daraja shi ne kasuwar da ke ci kowace Laraba a babban titinsa na Maengwyn. Da ba don ita ba, da sauran tarihin ya daɗe da komawa cikin littattafai, babu jama'ar da za ta ce nata ne.

Kasuwar ta girmi majalisar da fiye da shekara ɗari. Bayan an kashe yariman Wales, Llywelyn ap Gruffudd, a 1282, Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya gama cin Wales da yaƙi, kuma a 1291 ya ba Owen de la Pole, mai sarautar yankin Powys, takardar izinin kafa kasuwa a Machynlleth duk ranar Laraba, da babban taron cinikayya sau biyu a shekara. Wurin ya dace. A nan hanyar arewa da ta kudu suke haɗuwa da wadda ta nufi gabas zuwa Ingila, a nan ake tsallake kogin, kuma jiragen ruwa kan hauro daga teku har Derwenlas da ke kusa. Makiyayan kan tuddai, waɗanda ƙasarsu ta fi dacewa da tumaki da shanu a kan noma, suna saukowa da dabbobi da ulu, su koma da hatsi da gishiri da kayan ƙarfe. Masu korar shanu kuwa su bi ƙafa da garkuna har kasuwannin Ingila. Faɗin titin Maengwyn kansa shaida ne cewa ciniki ne ya tsara garin. Da aka shiga haƙar dutsen rufin ɗaki a Corris, aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo da dawaki ke jan kekunansa a 1859, sannan jirgin ƙasa ya iso a 1863, duk sun tarar da gari ne a zaune.

Shi ma Glyndŵr abin da ya tarar ke nan. Ya ɗaga tutar tawaye a 1400, kuma zuwa 1404 ganuwoyin Harlech da Aberystwyth sun faɗa hannunsa. Mai neman tara wakilan arewa da na kudu dole ya zaɓi inda ƙafafun mutane suka saba zuwa. Bayan shekara biyu, daga ƙauyen Pennal da ke kusa, ya aika wa Sarki Charles na Shida na Faransa wasiƙar da har yau take ajiye a Paris, inda ya bayyana burinsa: coci mai cin gashin kansa, da jami'o'i biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Yaƙin ya juya masa baya, Harlech ta kuɓuce a 1409, shi kuma ya ɓace, ba wanda ya bashe shi ga abokan gaba har ya rasu wajen 1415. Sai da aka yi kusan ƙarni biyar kafin burin ya fara cika: kwalejin jami'a a Aberystwyth a 1872, cocin Wales ya rabu da na Ingila a 1920, majalisar dokoki ta zauna a Cardiff a 1999. Duk tsawon wannan jira, abin da ya hana burin mutuwa shi ne jama'ar da ta ci gaba da ganin kanta al'umma guda mai harshenta. Dokar da Ingila ta kafa a 1536 ta sa Ingilishi ya zama harshen kotu da na riƙe muƙami, amma ba ta iya shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa ba. Za a ce fassarar Littafi Mai Tsarki da William Morgan ya yi a 1588, da wa'azin coci-coci, su ne suka ceci harshen Welsh. Gaskiya ne sun ba shi rubutu da martaba. Sai dai harshen da ake karantawa ranar ibada kawai yakan zama na bikin addini. Wanda ake taya rago da shi, a yi gardamar farashi, a gaisa da dangi na nesa, shi yara ke tashi da shi a baki. Yau kusan rabin mutanen garin suna jin Welsh, kuma sau biyu, a 1937 da 1981, garin ya karɓi baƙuncin Eisteddfod, babban bikin waƙa da adabi na ƙasar.

Akwai suka mai nauyi da ba za a kauce mata ba. Wanda ya ci ƙasar da yaƙi ne ya ba da izinin kasuwar, kuma an kafa ta ne don mai sarauta ya karɓi haraji. To, ta yaya kayan aikin mai mulki zai zama gadon waɗanda aka mulka? Amsar tana cikin garin. Hasumiyar agogon da ta zama tambarinsa, mai tsawon kusan mita 24, an aza harsashinta a 1874 don murnar cikar ɗan gidan sarautar Londonderry shekara 21, kuma mutanen gari ne suka yi karo-karon kuɗin. Babban gidan wannan iyali, Plas Machynlleth, an miƙa shi ga garin a 1948. Iyalin sun tafi, agogon na nan yana yi wa talakawa aiki. Abu yakan zama na wanda ya daɗe yana amfani da shi, ko da wani ne ya fara kafa shi. Shi kuwa gidan majalisar da ake nuna wa baƙi, binciken katakonsa ya nuna an gina shi shekaru da dama bayan 1404, kuma David Davies na Llandinam ne ya gyara shi ya ba garin a 1912. Ke nan dutsen da ake girmamawa yana tunatarwa ne kawai. Abin da ya haɗa mutanen yau da zamanin Glyndŵr kai tsaye shi ne zaman Laraba.

Suka ta biyu ta masu lissafin kuɗi ce: haƙar dutse ta durƙushe, kiwo ba ya ɗaukar ma'aikata kamar da, manyan kantuna da sayayya ta intanet sun janye masu saye, don haka sai garin ya sayar da tarihinsa ga 'yan yawon buɗe ido. An gwada. A 1995 aka buɗe Celtica a cikin Plas, wurin nuna tarihin kakannin mutanen yankin, amma aka rufe shi a 2006. Abubuwan da suka yi tasiri su ne waɗanda suka ba tsohon wuri sabon aiki. A 1973 Gerard Morgan-Grenville ya kafa cibiyar gwajin makamashin rana da iska a wani ramin haƙar dutse da aka yi watsi da shi. Tsohon cocin Tabernacl ya koma zauren kiɗa da baje kolin zane-zane. A titin Maengwyn ne mai zanen tufafi Laura Ashley ta buɗe kantinta na farko a 1961. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya nemi mayar da garin gidan tarihi. Kowanne ya ƙara wa mutane dalilin zama ko na zuwa.

Haɗarin da ke gaban Machynlleth, kamar sauran garuruwan yammacin Wales, shi ne tsadar gidaje saboda masu sayen gidajen hutu, da ficewar matasa neman aiki. Ginin da ya tsage ana iya gyara shi da kuɗin hukuma, amma kasuwar da masu ita suka watse ba a farfaɗo da ita da tallafi. Saboda haka duk mai son kare gadon wannan gari ya fara da gidan da ɗan makiyayi zai iya saye ko haya, da makarantar da ke koyarwa da Welsh, da kuɗin rumfa da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya biya.