Daidai Iri Biyu A Wajen Kwamfuta

Masu karatu, a wannan wata za mu taɓa wani al'amari da ya shafi yaranmu masu koyon rubuta manhajar kwamfuta, waɗanda yanzu, alhamdu lillahi, sun yawaita a zango. Maganar ba ta wuce alama ɗaya ba, amma alamar nan tana iya cin hakkin mutum.

A harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape na Amurka a shekarar 1995, akwai hanya biyu ta tambayar kwamfuta ko abu biyu daidai suke. Ta farko alamar daidai ce guda biyu, watau ==, ta biyu kuwa guda uku, ===. Mai biyun sassauci gare ta. In ta ga abubuwan ba jinsi ɗaya ba ne, sai ta juya ɗaya ya koma irin ɗan'uwansa, sa'an nan ta gwada. Don haka lamba 5 da rubutun "5" duk ɗaya ne a wurinta. Mai ukun ba ta yin wannan rangwame. In ɗaya lamba ce ɗaya rubutu, amsarta a'a ce.

To, ina laifin sassauci? A ce wani yaronmu ya yi wa makarantar unguwa manhajar sakamakon jarrabawa. Duk abin da malami ya buga a gurbin maki, a matsayin rubutu yake isa ga manhajar, ko da lamba ce. Sai yaron ya rubuta cewa in maki == 0, a rubuta ɗalibi ya ci sifiri. Akwai yarinyar da zazzaɓi ya hana ta zuwa, malami ya bar gurbinta ba komai. Mai alama biyu za ta juya wannan gurbi ya zama sifiri, ta ce daidai ne. Ga shi an haɗa wadda ba ta zauna jarrabawa ba da wanda ya zauna bai ci komai ba, kuma kwamfutar ba za ta yi ƙorafi ba, balle wani ya lura. Haka zai faru a littafin adashi, tsakanin wadda ba ta zuba ba da wadda ba a riga an rubuta zubinta ba. Mu da muka san rigimar da kuɗin adashi ke jawowa, ba sai an yi mana bayani ba.

Abin mamaki ma, a wurin mai biyun, "0" daidai yake da 0, kuma 0 daidai yake da rubutun da ba komai cikinsa, amma "0" ba daidai yake da wannan rubutu ba. Malaminmu na lissafi da ya ji wannan da ya riƙe baki.

Harshen PHP shi ma yana da irin tasa. Kafin fitowar PHP 8 a 2020, in aka gwada 0 da kalma irin "abc" da alama biyu, sai a ce daidai ne. An gyara wannan. Amma har yanzu "0e123" da "0e456" ɗaya ne a wurinta, domin tana karanta kowanne a matsayin sifiri, kuma ta irin wannan ƙofa ana iya shiga asusun mutum in manhaja tana gwada kalmar sirri da sakaci.

Wani zai ce, me ya hana a soke mai biyun? Ai mai ukun daga baya ta zo, ta shiga ƙa'idar harshen JavaScript a 1999, lokacin da shafukan intanet masu yawa sun riga sun dogara da tsohuwar. In an taɓa ta, sai su lalace. Ƙwararru ma sukan yi amfani da ita da gangan a wuri ɗaya, wajen rubuta == null, domin ta kama null da undefined a lokaci guda.

Shawararmu ga yaranmu, a riƙe mai uku, a juya rubutu ya zama lamba da hannu kafin gwaji. Sai dai a kula, Number("") ma sifiri yake bayarwa, saboda haka a fara duba ko malami ya rubuta wani abu a gurbin tukuna.