Farantin Schramberg a Jeren Wata Dattijuwa

A wani gida da ke Sama Road cikin birnin Sakkwato, akwai dattijuwar da jerenta ya ratsa zamani uku: tasoshin jan ƙarfe na mahaifiyarta a ƙasa, fanteka da samira na aurenta a tsakiya, tangaran a sama. Can ƙololuwa aka jingine wani faranti mai ganyen inabi da ya taso, kore shar, wanda mahaifinta ya saya a gwanjon kayan wani Bature dab da samun mulkin kai, ya sa mata a kayan ɗaki.

Idan aka kifa shi za a ga hatimi mai haruffan SMF. Alama ce ta masana'antar majolika ta garin Schramberg a kudancin Jamus, wadda Moritz da Leopold Meyer suka saya daga Villeroy & Boch a 1912, aka rufe ta a 1989. Ke nan farantin bai girmi 1912 ba, kuma ba za a sake yin irinsa a can ba. Majolika yumbu ce da ake gasawa, a shafe ta da ruwan gilashi mai launi, a sake gasawa. Da yake yumbun da gilashin ba sa miƙewa daidai a zafi da sanyi, shekaru kan bar siraran tsaguwa kamar saƙar gizo, balle a garin da hunturu da bazara ke karɓa-karɓa.

Tsaguwar nan ce ta kusa kai shi juji, domin jikokin sun ɗauka ya fashe, suka ware shi ranar da suka kawo sababbin kuloli. Ta ce a mayar da shi. “Wanga ba na tuwo ba na,” in ji ta, kuma ta yi daidai fiye da yadda ta sani, tunda tsohon gilashin irin wannan kan ƙunshi dalma.

Mai tara majolika a Turai hatimi yake fara dubawa, sannan ya shafa baki ko ya ɓalgace. Ita kuwa wanda ya ba ta take lissafawa, da matan da suka zo ganin ɗaki suka yaba. Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi rubutu a kan ƙwarya da tukunya, amma baƙon kaya da ya shekara sittin a jere bai cika samun shafi ba, alhali tarihinsa na bakin mutum guda. Da aka zo maganar wasiyya, farantin ta fara ambata, kafin zinariya.