Dila Tana Canja Wuri, Sunanta Yana Nan



Yawancinmu yanzu a waya muke tsara labari. Kowane babi ya zama ɗan kati a manhaja irin Trello, mu danne shi da yatsa, mu ja, mu saki inda muke so. Babin ɗaurin aure ya hau sama, na rasuwar Inna ya gangaro ƙasa, kamar ana wasan dara. Sai dai abin da ido ya gani a fuskar waya ba lallai ne shi aka adana ba.

Idan muka saki kati, wayar ce take fara nuna mana ya koma sabon wuri, sannan ta aika saƙo can babbar kwamfutar da ke ajiye aikin. In sabis ya ɗauke a wannan tsakani, kamar yadda yakan yi mana cikin cunkoson Kasuwar Sabon Gari, wata manhajar takan riƙe saƙon ta tura daga baya, wata kuwa ta watsar. Washegari ka buɗe, Inna ta rasu a babi na 9, a na 10 tana tuƙa tuwo. Mai karatun da ya tura kuɗinsa kuwa ba ruwansa da sabis.

Mu da muka tashi a Fagge, a Kantin Kwari muka fara ganin maganin wannan. Dilar atamfa ta fito daga shago, ta hau kan ɗan dako, ta kwana a tasha, ta shiga motar Maraɗi. Duk wannan yawo, sunan mai ita da aka rubuta a jikin buhun yana nan. Ba ɗan kasuwar da zai ce “tawa ce ta uku daga ƙofa”, domin da an ɗauke ɗaya lissafin ya rushe.

Masu ƙera manhaja ma haka suke yi. Kowane kati lamba biyu gare shi: ta shaida, wadda ba ta canjawa, da ta matsayi. Trello, wadda ta fito a 2011, ba ta sake ƙirga katunan duka a kowane ja. A misali, kati ya faɗa tsakanin mai 1000 da mai 2000, sai a ba shi 1500, sauran su zauna yadda suke.

Marubuta da yawa kuwa “Babi na 7” suke raɗa wa kati, wato sun mayar da matsayi suna. A wurinmu gara “Ranar da Hajiya ta tsinci wasiƙar”, lamba ta jira ranar fitar da littafi. Bayan kowane ja da saki mukan rufe manhajar mu sake buɗewa, in jeren bai motsa ba, ya adanu. Akwai ma 'yar uwarmu da sai ta kwafe jeren da biro a littafin makarantar ɗanta kafin ta kwanta.